Asibin Talata

Na ga abin da kuke rubutawa a ƙarƙashin hoton nan nawa da ke yawo. "Yarinya ba tarbiyya." "Ta kunyata surukarta a bainar jama'a." Wata ma cewa ta yi a kai ni wurin addu'a. Na gode. Amma hoto kuka gani, ba ku ji labari ba. Ku zauna ku ji daga bakin mai zanen, in ya so ku zage ni da hujja.

Sunana Doreen, ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Kafanchan. A gida Asibi ake kirana, sunan 'yar Asabar, alhali ranar Talata aka haife ni. Tun ina firamare ake min dariya a kan haka, wai gidanmu ba a san kwanakin mako ba. Nathan ma, wanda ya sa min zobe a Istar da ta wuce, da wannan tsokanar ya fara shiga raina. Bai taɓa ce min Asibi kawai ba. Ko dai Doreen, ko Asibin Talata.

Ni da shi duk 'yan Fadan Tukwat ne, wani ƙauye a gindin duwatsu in ka wuce Kagoro. Sai dai gidansu a fada yake, namu kuwa a Ƙasan Rafi, unguwar da mota ba ta shiga in damina ta kankama. Nathan jinin Sarki Kazah ne, shi ne kakan kakansa. Duk ɗan Tukwat da labarin Kazah aka yaye shi: mahara suna zuwa kamun bayi duk rani, wata shekara suka kwashe mutanen fada har da ɗan sarki, sai Kazah ya sauko daga dutse ba baka ba kibiya, ya fanso mutanensa, ya sa maharan suka rantse ba za su sake taka ƙasarmu ba. Ba su kuma sake ba. Shi ya sa ake ce masa Baba Mai Fansa, ake kuma yin Ranar Fansa wata Asabar bayan girbi.

Bana abin ya fi na kullum. Za a buɗe mutum-mutuminsa, Nathan ne zai karanta tarihi, uwarsa kuma, Mami Beatrice, shugabar Zumuntar Mata, za ta nuna ni ga dangi a gaban kowa. Ita ta aiko min da anko: atamfa koriya mai ratsin ruwan gwal, fuskar wani dattijo a cikin da'ira, tsinkakkiyar sarƙa a ƙarƙashinsa, an rubuta YA FANSHE MU. Ba wanda ya taɓa ɗaukar hoton Kazah, don haka mai zana hoton ya ari fuskar baban Nathan. Hancin da ke jikin atamfar hancin Nathan ne sak. Na yi ta murmushi ni kaɗai.

Na kai wa telata, Oby, 'yar gidan tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa, wadda har yau Hausarta ba ta rarrabe mace da namiji. Ta shimfiɗa, ta auna, ta fashe da dariya.

"Doreen, wannan Baba kai na shi babba ne fa. In na ɗinka maka siket, daidai wurin zama zai sauka. Za ka zauna a kan kakan miji na ka a gaban mama na shi?"

"Rufa min asiri, Oby."

"To bar shi zani. Na yi maka farin leshi a sama, ka ɗaura Baba a gaba, kowa ya gaishe shi."

Haka aka yi. Ranar Laraba da yamma na karɓo, na shiga ɗaki na ɗaura, na kafa ɗankwali, na fito baranda ina juyi. Kakata, uwar marigayi babana, tana gidanmu a makon, ta zo a duba mata yanar ido. Tana zaune a tabarma tana fere citta da lalube, don ido ya daina taimakonta.

"Kaka, taɓa ki ji. Mai tsada ce."

Ta shafa, ta murza bakin zanen. "Na wane biki ne?"

"Ranar Fansa mana. Har da fuskar Baba Kazah a jiki."

Ta janye hannu kamar ta taɓa murhu, ta goge shi a zanenta.

Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Kaka, don girman Allah, ba yanzu ba."

"Emilia, yaushe ne yanzu?" Sai ta bar Hausa ta koma yarenmu, abin da take yi in magana ta kai ƙashi. "Asibi, zauna. An ce miki ya fanso mutanensa. Wanda ya yi fansa biya yake yi. An taɓa faɗa miki abin da ya biya?"

Ku yarda da ni, ban taɓa tambaya ba. A coci in an ce fansa, Amin kawai muke cewa.

"Da me ya biya, Kaka? Shanu?"

"Ba a ce da me ba. A ce da wa."

Ga abin da ta faɗa min, yadda ta ji daga bakin uwarta. Mutanen Ƙasan Rafi baƙi ne a lokacin, gudun wani yaƙi ya kawo su, aka ba su wurin zama a bakin rafi. Bayan an kwashe mutanen fada, Kazah ya aika musu cewa mahara suna kusa, su hawo da yara da 'yan mata gidansa a kan dutse, can ba abin da zai same su. Iyaye suka kawo da kansu. Har godiya suka yi, har da ƙwaryar acca. Uwar Kaka tana ƙarama, tana da gyambo a ƙafa, yayarta ce ta goyo ta. Da gari ya waye aka sauko da su ta ɗaya gefen dutsen, inda mahara suka yi sansani. Maharan suka duba ƙafar ƙaramar suka ce ba sa so, aka ɓamɓare ta daga bayan yayarta aka ajiye a ƙasa. Daga nan inda take zaune ta ga an kwance mutanen fada ɗaya bayan ɗaya, ana ɗaure yaran Ƙasan Rafi.

"Igiyar ma ba a canja ba," in ji Kaka.

A al'adarmu wanda ya tafi ba kabari ba a kiran sunansa, don haka sunan yayar ya ɓace. Ranar da aka tafi da ita kawai aka riƙe. Asabar.

"Da aka haife ki na ce a sa miki Asibi. Babanki ya ce ai Talata ce. Na ce na sani."

Sai wani abu ya faɗo min. Duk Ranar Fansa Kaka baibai take ɗaura zani, cikinsa a waje. Mun ɗauka tsufa ne. Alhali duk 'yar Tukwat ta san mace ba ta ɗaura zani baibai sai tana makoki. Haka Mama ta ɗaura da babana ya rasu.

Na ce, "Ashe maƙaryaci ne. Bai tsayar da komai ba."

"A'a. Ya tsayar. Ba su dawo ba, wannan gaskiya ne. Uwata ta yi noma a fili ba ta waiwaye, ta haife ni, na haifi babanki. Ban ce bai tsayar ba. Na ce fuskarsa ba za ta hau jikina ba."

"Auren fa?"

"Yaron bai ba da kowa ba. Amma ki tambaye shi ko ya sani."

Mama ta ja ni kicin ta rufe ƙofa. Malamar makaranta ce, in ranta ya ɓaci a hankali take magana.

"Ki saurare ni. Ni daga Kagoma aka auro ni, na tarar da labarin nan, na haɗiye, ban mutu ba. Kowane gari da abin da ya binne. Yaro mai tsoron Allah, mai aikin gwamnati, bai sha, bai duka, gidan sarauta sun sauko har Ƙasan Rafi neman aure, abin da ba a taɓa yi ba. Za ki watsar saboda wadda ko sunanta ba a sani ba?"

"An san sunanta, Mama. Ni ke amsa shi."

"Kada ki yi min rashin kunya. Ki sa zanen nan, ki durƙusa, ki yi murmushi. Awa nawa ne?"

Saƙo ya shigo wayata. Nathan.

"Asibin Talata, Oby ta gama? Turo hoto mana in ga matata."

Na rubuta: "Da me Baba Kazah ya biya?"

Ya karanta nan take. Na ga yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya sake tsayawa. Wanda bai san komai ba ai cewa zai yi shanu, ya haɗa da fuskar dariya. Abin da ya iso shi ne: "Mu haɗu gobe in kin tashi aiki."

Mun haɗu a tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda muka saba zama a ƙarƙashin bishiyar mangwaro wurin mai gasa masara. Ya saya min ɗaya kamar kullum. Ban karɓa ba.

"Tun yaushe ka sani?"

"Shekarar da na gama jami'a Baba ya faɗa min. Duk namijin gidanmu ana faɗa masa."

"Mami fa?"

"Ta sani."

"Kana sane kake ce min Asibin Talata kana dariya?"

"Allah shaida, Doreen, ban san sunan daga can ya fito ba. Yanzu nake ji."

"Ka san daga Ƙasan Rafi nake."

Ya ajiye masarar a kan benci. Da ya buɗe baki kuma ba haƙuri ya ba ni ba, hujja ya kawo, kuma na lura ya daɗe yana tara ta.

"Ki sa kanki a wurinsa. Duk rani ana ƙone rumbuna. Maza sun ƙare. An riƙe ɗanka, an ce ka kawo kai a madadin kai, a kuma bar garinka har abada, ko ka ƙi a dawo a share kowa, har da Ƙasan Rafin. Me za ki yi? Wasu suka tafi, gari ya tsira. Da bai yi ba, da ba ni, da ba ke."

"Yana da 'ya'ya mata?"

"Doreen…"

"Yana da su ko ba shi da su?"

"Yana da su."

"Ko ɗaya an sauko da ita wurin mahara?"

Ya kawar da kai. Na ci gaba.

"To ba wasu ya zaɓa ba, Nathan. Waɗanda bai ɗauka mutane ba ya zaɓa. Baƙin da suka kawo masa 'ya'yansu amana, da acca a hannu. Kuma damina nawa aka yi Turawa suka iso, kamun bayi ya mutu ko'ina?"

"Shi ya san za su zo? Kina zaune a kan benci da waya a hannu, cikinki a ƙoshe, kina yanke wa mutumin da ya ga wuta hukunci. Da ke ce aka riƙe ɗanki fa?"

Wannan ta shige ni, ba zan ɓoye muku ba. Ban san abin da zan yi ba da ni ce. Na yi jinyar uwaye, na ga abin da uwa za ta iya yi a kan ɗanta. Wataƙila da na yi abin da ya fi nasa muni. Amma da na yi, ba zan so jikokin waɗanda na bayar su ɗaura fuskata suna rawa ba.

"Mai Fansar da aka koya mana a coci kansa ya bayar," na ce.

"Kazah ba Yesu ba ne."

"To ku daina ba shi sunansa."

"Me kike so? A fasa mutum-mutumin? A soke bikin? Fansa kike son ɗauka a kaina, ni da ban yi komai ba?"

Kun ji kalmar nan kuwa? A coci ceto ce, a kasuwar bayi ciniki ce, a bakin Nathan ta zama ramuwa. Duk inda gidansu ya juya ta, su take rufa wa asiri.

"Ba na son a fasa komai. Ya tsayar da mahara, ku faɗa, gaskiya ne. Layi ɗaya nake so ka ƙara. In ka ce ya fanshe mu, ka faɗi da wa."

"A gaban baƙi? Da hakimai, da fastoci? Baba zai iya faɗuwa, kin san hawan jininsa. Ki bari a yi biki lafiya. Bayan an ɗaura aurenmu, na yi miki alkawari, zan zauna da dattawa."

"Bayan an ɗaura."

"Eh."

"Ka ji abin da ka faɗa kuwa? Sai an ɗaure 'yar Ƙasan Rafi tukuna."

Na tare mai babur na bar shi da masararsa. Saƙonni suka yi ta shigowa har Juma'a. "Ki yi haƙuri." "Ina sonki." "Don Allah ki zo gobe." Na amsa guda: "Zan zo. Zan kuma sa zanen."

Ban yi ƙarya ba.

Ranar Asabar Mama ta riga mu tafiya da 'yan kwaya, mawaƙan coci. Na sa farin leshina, na sa sarƙar da Nathan ya saya min, na yi kwalliya yadda ya kamata amarya ta yi. Sannan na juya atamfar na ɗaura. Ta baya koren ya koɗe, fuskar ta zama kamar inuwa, rubutun ya koma daga dama zuwa hagu. Kaka ta shafa ƙuguna, ta ji ɗinkin bakin zanen a waje. Ta riƙe hannuna muka shiga mota.

Filin firamare ya cika. Rumfuna, kujerun roba, 'yan Birged, samarin coci masu fareti, da ganguna, matan Zumunta suna buga tulu, ko'ina kore da ruwan gwal, ko'ina hancin Nathan. Mutum-mutumin yana tsakiya a lulluɓe da farin ƙyalle. Na zaunar da Kaka a baya, na tsaya inda ba a gani na sosai, har Mami Beatrice ta karɓi makirfo.

"Jama'ar Tukwat, yau murnarmu biyu ce. Ina 'yata Doreen? Fito su gan ki!"

Aka ɗauki guɗa. Na fito. Ina tafiya guɗar tana mutuwa, layi bayan layi, kamar ana kashe fitilu. Na hango Mama a cikin kwaya ta dafe baki.

Mami Beatrice mace ce mai dabara, wannan ba zan hana ta ba. Ta yi dariya a makirfo. "Kun ga zumuɗin amarya! Ta ɗaura zani baibai. A kai ta bayan rumfa ta gyara mana."

Wasu suka taya ta dariya. Ta buɗe min ƙofa kenan, in na bi shi ke nan, an rufe. Ta matso kamar za ta rungume ni, ta kawar da makirfon, murmushin yana nan a fuskarta.

"Wa ya mutu a gidanku, 'yar Ƙasan Rafi?"

"Kin san ta, Mami."

Ban motsa ba. A nan aka ɗauki hoton da kuke gani. Abin da hoton bai ɗauka ba yana bayana. Na ji motsin kujeru, na waiwaya. Can ƙarshen fili, inda rumfa ba ta kai ba, tsofaffin matan unguwarmu suna miƙewa da sandunansu. Duk zanensu baibai. Ashe duk shekara haka suke zuwa. Duk shekara suna zaune a wurin, ana ba su shinkafa da lemo, ana cewa tsufa ya sa ba su iya ɗaura zani ba. Ni ma haka na ce. Wannan ne ya fi ƙona min rai, har yanzu da nake rubutu.

Mai gabatarwa ya yi sauri ya kira Nathan, don a rufe abin da tarihi. Ya hau, rigarsa ta ankon ce, da takardar tarihi a hannunsa. Ya karanta rani, ya karanta rumbunan da aka ƙone, ya karanta saukowa daga dutse. Ya iso wurin da kowa ya haddace.

"Baba Kazah ya fanshe mu."

A nan jama'a kan ce Amin da ƙarfi. Aka ce, amma ba ƙarfi. Sai ga muryar Kaka daga baya, siririya, kuma da Hausa ta yi don baƙi su ji.

"Da wa?"

Ko yaro bai yi kuka ba. Baban Nathan ya sunkuyar da kai. Mami Beatrice ta yi wa masu ganga alama, ba wanda ya ɗaga sanda. Nathan ya dubi takardar, ya dubi uwarsa, ya dube ni. Ya matso da bakinsa kusa da makirfo, lasifika ta kai kalmar har gindin dutse.

"Asibi."

Daga nan wani ya zare waya, ganguna suka ɓarke, aka yaye farin ƙyalle ba tare da addu'a ba. Na kama hannun Kaka muka fita.

To ga inda nake. Mami Beatrice tana gaya wa mutane kirana ya yi, roƙona yake in je in gyara zani. Matan Ƙasan Rafi sun ce amsa ya bayar. Mama ba ta yi min magana ba tun jiya, ko a coci yau ba ta zauna kusa da ni ba. Zoben yana kan faranti a baranda, kusa da cittar Kaka. In kira ne, ya zo ya ɗauki abinsa. In amsa ce, sai ya sake faɗa a inda ba wanda zai zare waya.

Ina cikin rubuta wannan aka ƙwanƙwasa get. Na leƙa ta taga. Shi ne, shi kaɗai, da rigar jiya a jikinsa, amma ƙarfen get ɗin ya tare, daga wuya zuwa sama kawai nake gani.

Na ce, "Kaka, in ce ba na nan?"

Ta ajiye wuƙa, ta goge hannu.

"Shigo da shi. Ba sai ya yi magana ba. Kawo min shi nan in shafa rigarsa, in ji ta wane gefe ɗinkin yake."